Tsakar Damisa a Ibadan: Gidan da Ya Dace da Ita da Ƙasar da Za a Shimfiɗa Mata

Duk wanda ya taɓa sauke buhun albasa a Kasuwar Shasha, can Ƙaramar Hukumar Akinyele a bakin Ibadan, ya san kayan Arewa ba sa shiri da iskar Kudu. Albasar da za ta yi watanni a ajiye a Aliero ba ta ce komai ba, in ta iso nan da damina aka jibge ta a ɗakin da iska ba ta ratsawa, kafin a ankara ta soma tsiro ko ruɓewa. Shi ya sa ɗan kasuwa na gari, kafin ya tambayi farashi, yake tambayar inda za a ajiye kaya, da abin da za a shimfiɗa musu a ƙasa, da ta inda iska za ta shiga. Waɗannan tambayoyi uku su ne ya kamata matashin da ke sha'awar kiwon tsakar damisa ya yi wa kansa, domin ita ma 'yar busasshiyar ƙasa ce da za a kawo garin laima.

Kiwon sha'awa ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Muna da masu tattabaru da masu zomaye da masu aku, har da waɗanda ke kashe kuɗi a kan kanari. Abin da ya sauya shi ne wayar hannu ta kawo wa matasa wasu dabbobin da iyayensu ba su taɓa tunanin a ajiye a gida ba. A YouTube da TikTok za ka ga wata 'yar tsaka rawaya mai ɗigo-ɗigon baƙi kamar na damisa, da wutsiya ɓul-ɓul, tana kwance a tafin hannun mai ita kamar tana murmushi. Ita ce tsakar damisa, tana cikin dabbobi masu jan ciki da aka fi kiwo a Amurka da Turai. Sai dai kusan duk shawarar da ke yawo a intanet kan yadda ake kula da ita, mutanen ƙasashen sanyi ne suka rubuta ta don 'yan'uwansu na ƙasashen sanyi. Damuwarsu ita ce yadda za su ɗumama dabbar. Mai kiwo a unguwannin Ibadan irin su Sabo ko Shasha ko Ojoo damuwarsa daban ce: laima, da zafin ɗaki mai rufin kwano, da cinnaka, da wutar lantarkin da ba ta da tabbas.

Na san mai karatu da yawa zai yamutsa fuska tun daga jin sunan tsaka. An tashe mu da cewa in ta faɗa a abinci ko ta taɓa shi, cuta ce. Kuma akwai hadisai a Bukhari da Muslim da suka yi umarni da kashe tsaka. Ko wannan nau'in na kiwo ya shiga cikin hukuncin ko bai shiga ba, magana ce ta malamai, kuma wanda abin ya dama ya je ya tambaye su kafin ya kashe ko sisi. Ta fuskar lafiya kuwa, tsakar damisa ba ta da dafi, amma kamar sauran masu jan ciki tana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela a kashinta, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa ta dole ne, kuma ba a ajiye ta kusa da madafa ko inda jarirai ke rarrafe. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, wanda ya tsare dabba, haƙƙinta ya hau wuyansa. Hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ba, ya ishe mu gargaɗi.

Masana suna kiran wannan dabba Eublepharis macularius, kuma wani Bature mai suna Edward Blyth ne ya fara bayaninta a rubuce a shekarar 1854. Asalinta daga Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya ne, da wani ɓangare na Iran da Nefal. A can tana zaune ne a fako mai duwatsu da ciyawa jefi-jefi, inda ƙasa take da tauri da yumɓu. Da rana ta shige ƙarƙashin dutse ko cikin rami, da almuru ta fito farautar ƙwari. Babba takan kai tsawon santimita 18 zuwa 25, nauyinta kuma giram 50 zuwa 80. In ta samu kulawa takan yi shekara 15 zuwa 20, wato yaron da ya saye ta yana sakandare zai iya yin aure ya haihu tana nan. Abubuwa biyu sun bambanta ta da tsakar bangon ɗakinmu. Tana da fatar ido da take rufewa ta buɗe. Sannan ba ta da irin tafin ƙafar nan mai manne wa bango, farata kawai gare ta, saboda haka ba ta iya hawa gilashi. Dabbar ƙasa ce mai tafiya, kuma wannan shi ne ya kamata ya yanke hukunci kan irin gidan da za a yi mata.

Tunda ba mai hawa ba ce, faɗin ƙasan gidan ya fi tsayinsa muhimmanci. Da yawa sukan sayi akwatin gilashi dogo a tsaye don ya fi kyan gani a falo, alhali dabbar ba ta amfana da sararin da ke sama da kanta. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Ingila ta ce mafi ƙanƙantar gidan babbar tsaka shi ne tsawon santimita 60, faɗi 30, tsayi 40. A Amurka an daɗe ana amfani da akwati mai tsawon santimita 76 da faɗi 30. Amma a 'yan shekarun nan ƙwararrun masu kiwo sun koma ga santimita 90 a tsawo, 45 a faɗi, 45 a tsayi. Lissafin mai sauƙi ne. Ƙasan gida mai 60 da 30 murabba'in santimita 1,800 ne, mai 90 da 45 kuwa 4,050, ya ninka na farko har da ɗoriya. Ni ina tare da masu babban gida, kuma ba don tausayi kawai ba. Tsaka ba ta samar da zafin jikinta da kanta kamar kaza ko zomo. In tana son ɗumi sai ta matsa wuri mai ɗumi, in ya yi mata yawa ta koma wuri mai sanyi. Dole gidan ya zama yana da gefe biyu masu bambancin zafi, kuma a ƙaramin akwati wannan ba ya yiwuwa, domin zafi kan mamaye ko'ina ta rasa wurin gudu.

Akwai masu cewa babban gida yana firgita ƙaramar tsaka. Abin da ke firgita ta shi ne fili fetal babu maɓoya. In an cika gidan da wuraren fakewa, girmansa ba ya damunta. Duk da haka, ajiye 'yar ƙarama a akwati matsakaici na 'yan watannin farko yana da amfani, don mai ita ya riƙa ganin ko tana ci, ko kashinta lafiya.

Na san ɗakunan Sabo. Unguwar tun kafuwarta a 1916 ake ƙara cusa gine-gine a cikinta, kuma samari da dama a ɗaki guda suke kwana da 'yan'uwa ko abokan sana'a. Akwati mai santimita 90 ya kusa tsawon ƙaramin tebur. Wanda ba shi da wurin ajiye shi, shawarata ya haƙura da kiwon har Allah Ya buɗa masa, maimakon ya matse dabbar a robar fenti. Kuma kada tsadar gida ta sa a haɗa biyu wuri guda. Maza biyu faɗa za su yi har rauni ko mutuwa. Namiji da mace kuwa, zai dame ta da barbara har ta rame. Ko mata biyu ma, sau da yawa ɗaya kan danne ɗaya a kan abinci da wurin ɗumi. Tsakar damisa ba ta kewar 'yar'uwarta, ita kaɗai ta fi samun natsuwa.

Da me za a yi gidan? A Ingila sun fi son na katako saboda yana riƙe zafi. A Ibadan katako kan sha laima ya kumbura ya yi fumfuna, ga gara. Gilashi ya fi sauƙin wankewa, kuma masu haɗa tagogin alminiyam da gilashi za su iya haɗa maka shi daidai awon da ka ba su. Babbar robar ajiyar kaya ma tana yi, in an yanke murfinta da gefenta an sa raga. Ko wanne aka zaɓa, iska ita ce kan gaba: saman ya zama raga gaba ɗaya, sannan a buɗe wata tagar raga a gefe daga ƙasa-ƙasa don iska ta shiga ta nan ta fita ta sama. Ragar ta zama ta ƙarfe mai ƙananan idanu, murfin kuma mai makulli, domin ɓera da gafiya da kyanwa duk suna iya yi mata illa. In da hali a yi ƙofa ta gaba. Hannun da ke sauko mata daga sama kama yake mata da shaho, kuma in ta firgita sosai tana iya yar da wutsiyarta. Wutsiyar takan sake tsirowa, amma ba kamar ta farko ba, kuma a cikinta take tara kitsen da ke riƙe ta lokacin yunwa ko ciwo.

Gefen ɗumi ana so ya kai digiri 28 zuwa 32 a ma'aunin Salshiyas, gefen sanyi 24 zuwa 26, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 18. A Ibadan da wuya sanyi ya kai nan, ko da hunturu. Haɗarin yana watannin Fabrairu da Maris, lokacin da zafin rana kan kai 34 ko 35 a waje, ɗaki mai kwano marar silin kuwa ya wuce haka. A irin wannan lokaci ba a kunna mata fitilar zafi, sai dai a nemi lungu mafi sanyi a gidan. Akwatin gilashi da aka ajiye a bakin taga rana na dukansa yana iya kashe ta cikin ɗan lokaci. Da damina kuwa, musamman Yuli da Agusta da gari ke lumshewa, tana buƙatar ƙaramar fitilar ɗumi a gefe guda, mai na'urar da ke kashe ta in zafi ya kai iyaka. A sa faffaɗan dutse ko tayil mai kauri a ƙarƙashin fitilar. Dutse kan riƙe zafi ya riƙa sakinsa a hankali, saboda haka ko an ɗauke wuta da yamma, tsakar za ta samu inda za ta kwantar da cikinta ta narkar da abinci. Mai kiwo a Kano ko Sakkwato lissafinsa daban ne, domin shi zafin Afrilu da ke haura 40 zai yi yaƙi da shi, sannan daren Disamba da Janairu ya nemi ɗumi. Ma'aunin zafi da na laima, irin ƙananan nan masu batir, ba kayan ado ba ne. Wanda ba shi da su kintace yake yi.

Maɓoya uku ake sa mata: ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, ɗaya kuma mai danshi. Ba sai an sayi na kanti ba. Ƙaramar tukunyar ƙasa da aka kife aka fasa mata ƙofa aka goge bakin, ko rabin ƙoƙon kwakwa, sun wadatar. Mai danshin ana zuba masa jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa ko tawul ɗin takarda, domin a nan take shiga in za ta yi saɓa. In saɓar ta maƙale a yatsu ta bushe, takan shaƙe jini har yatsan ya guntule.

Yanzu ga inda aka fi yin ɓarna, wato shimfiɗar ƙasa. Da mutum ya ji an ce dabbar busasshiyar ƙasa ce, sai ya ɗebo yashin gini ya zuba, a tunaninsa ya kawo mata hamada har gida. Tsakar damisa ba a tudun rairayi take zaune ba. Yashi zalla ba ya riƙe rami, yana shiga ido, kuma duk lokacin da ta kai wa gyare cafka sai ta haɗa da shi. Lafiyayyar tsaka mai samun isasshen ɗumi da ruwa tana iya fitar da 'yar ƙasar da ta haɗiye. Amma wadda ke cikin sanyi, ko ƙishirwa, ko ƙarancin sinadarin kalsiyam, yashin kan taru ya toshe mata hanji. Alamominsa su ne ta daina ci, ta daina kashi, ciki ya kumbura, ta yi lakwas. Mafi muni shi ne yashin kanti da ake haɗawa da kalsiyam ana tallarsa da sunan na masu jan ciki ne, domin yana jan ta ta riƙa lasa da gangan, kuma yakan dunƙule in ya jiƙe.

Na biyu a jerin abin gudu shi ne garin katako. A Ibadan samunsa ba wuya, ga kasuwar katako nan a Bodija, kuma masu kaji sun saba shimfiɗa shi, sai mutum ya ɗauka abin da ya yi wa kaza zai yi wa tsaka. Ba haka ba ne. Ƙurarsa na cutar da numfashinta, wasu itatuwan suna da mai da ke da guba ga masu jan ciki, wani katakon ma an yi masa feshin maganin gara, sannan da damina yana shan laima ya yi fumfuna. Haka ƙananan tsakuwa da ɓuntun shinkafa, duk abin da za ta iya haɗiyewa ya kasa narkewa. Kafet ɗin roba mai kama da ciyawa shi ma na hana, domin farata da haƙoranta na maƙalewa a zarensa, kuma yana ɓoye ƙazanta ko an wanke.

Ga sabuwar tsaka, ko ƙarama, ko marar lafiya, babu abin da ya kai tawul ɗin takarda fari. Ba shi da kyan gani, amma yana nuna komai, kuma ana canza shi cikin minti ɗaya. A bar ta a kansa wata ɗaya zuwa uku har a tabbatar da lafiyarta. Bayan nan akwai hanya biyu. Ta farko ita ce tayil mai kaushi, ba mai santsi ba, a yanka shi daidai ƙasan akwatin. Ba ta iya haɗiye shi, yana riƙe ɗumi, yana rage mata tsinin farata, kuma ba ya shan laima. Aibinsa ɗaya ne, ba ta iya tona shi, kuma tona ɗabi'arta ce. Hanya ta biyu ita ce a kwaikwayi ƙasarta ta asali: kashi 70 cikin 100 ƙasa mai kyau, kashi 30 wankakken yashi, wasu kan ƙara ɗan yumɓu. A yayyafa ruwa a cakuɗa, a shimfiɗa da kaurin santimita 8 zuwa 10, a danna sosai, a bari ta bushe ƙaƙas kafin a saka dabbar. Ƙasar kada ta fito daga gonar da aka zuba taki ko aka yi feshi, ko daga bakin kwata, ko daga cikin kasuwa inda ruwan ruɓaɓɓen kayan gwari ke kwanciya. A tankaɗe ta, a gasa ta a tsohuwar tukunya kan wuta kamar rabin awa don kashe ƙwayoyin cuta da ƙwan ƙwari.

A Kano da zan ce a tafi kai tsaye ga hanya ta biyu. A Ibadan kuwa sai na yi taka-tsantsan. Laimar da ake so a cikin gidan tsakar damisa kashi 30 zuwa 40 ce cikin 100, alhali safiyar damina a nan laimar iska kan wuce 80. Ƙasa mai kauri a cikin gilashi a irin wannan yanayi ba ta bushewa da wuri, kuma zama kan danshi kullum na jawo ciwon fata da na huhu. Abin da na ga ya fi dacewa shi ne a raba: kashi biyu cikin uku tayil, ragowar kuma a yi mata kwarin ƙasa da za ta tona, wanda za a iya ɗagawa a shanya a rana in ya yi danshi. Kwanon ruwa ya zama ƙarami, a gefen sanyi. Abin da zai sauƙaƙa aikin shi ne tsakar damisa takan zaɓi lungu guda ta mai da shi makewayi, sai a shimfiɗa 'yar takarda a nan a riƙa ɗaukewa kullum.

Akwai maƙiya biyu da littattafan Turawa ba su cika ambata ba. Na farko cinnaka da kwarkwasa, waɗanda ragowar ƙwari ke jawowa, kuma dabbar da ke kulle ba ta da hanyar tsira in sun afka mata. A tsoma ƙafafun teburin cikin gwangwanayen ruwa, kada kuma a bar abinci ya kwana. Na biyu mu ne da kanmu: fiya-fiya, da maganin sauro na feshi da na hayaƙi. Abin da ke kashe sauro da kyankyaso yana iya kashe tsaka, ko kai tsaye ko ta hanyar ƙwaron da ta ci. Saboda haka kada a kamo mata kyankyason ɗaki. A kiwata mata gyare ko tsutsa a roba daban, a barbaɗa musu garin kalsiyam mai bitamin D3 kafin a ba ta, in ba haka ba ƙashinta zai yi laushi ƙafafu su karkace.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan baƙuwa tana da 'yar'uwa a ƙasarmu. Tsaka mai kitsen wutsiya, Hemitheconyx caudicinctus, dangi ɗaya suke, ita ma tana da fatar ido kuma ba ta hawa bango. Tana rayuwa a dazuzzukan Afirka ta Yamma tun daga Senigal har Kamaru, har da Najeriya. Launinta ruwan ƙasa ne da ratsi-ratsi, wata da farin layi a gadon baya. An daɗe ana fitar da ita daga Gana da Togo da Benin zuwa kasuwannin Turai da Amurka. Girman gidan da take buƙata ɗaya ne da na tsakar damisa, amma ita ta fi son laima, kamar kashi 50 zuwa 70, wato yanayin Ibadan ya fi karɓarta. Wannan ba izini ba ne na shiga daji a kwaso. Wadda aka kamo daga daji takan zo da tsutsar ciki, takan ƙi cin abinci, kuma kwasar su na rage masu cinye ƙwari a gonaki. Wadda aka ƙyanƙyashe a hannun mai kiwo ita ce ta dace, ko wane nau'i ne.

Wanda zai shigo da dabba daga waje ya sani sai ya bi ta hannun hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, wato NAQS. Kuma tun kafin ciwo ya zo ya san inda zai kai ta, domin ba kowane likitan dabbobi ne ya saba da masu jan ciki ba. Jami'ar Ibadan tana da asibitin koyarwa na dabbobi, tana kuma da gidan namun daji da ya samo asali tun 1948, mai sashen macizai da sauran masu jan ciki, inda mutum zai iya zuwa ya ga yadda ake tsara musu wurin zama.

Ɗan'uwa mai sha'awa, kada ka sayi tsakar sannan ka shiga neman inda za ka sa ta. Ka fara haɗa gidan, ka shimfiɗa ƙasar, ka sa ma'aunin zafi da na laima, ka yi mako guda kana duba su safe da rana da dare. In gefen ɗumi bai wuce 32 ba, gefen sanyi ya tsaya wajen 25, ƙasar kuma ta zauna a bushe, to ka je ka kawo ta. In ɗakinka ya kasa ba da wannan, ka bar ta a hannun mai ita.